Darasin Labarin Ƙasa: Tudun Kinder Scout da Haƙƙin Masu Yawon Ƙafa

A cikin darussan Labarin Ƙasa da mu ke koyo don mu koyar, babu wanda ya fi saurin gundurar yara kamar na duwatsu. Malami ya kan tsaya gaban allo, ya jera sunayen duwatsu da tsayinsu, yara su haddace, in an kwana biyu su manta. Mu dai a ajinmu mun lura laifin ba na dutse ba ne, na mai koyarwa ne. Ko wane dutse yana da dalilin da ya sa ya zama yadda ya ke, yana kuma da abin da ya jawo wa mutanen da ke zaune gindinsa. Sabo da haka muka zaɓi tudu guda a ƙasar Ingila, mu bi shi daga gindi har bisa, mu ga yadda siffarsa da wurin da ya ke suka haddasa jayayyar da ta kai samari biyar kurkuku, daga baya kuma aka sake dokar ƙasa. Sunan tudun Kinder Scout.

INDA YA KE

In muka buɗe taswirar Ingila, za mu ga wani jerin tuddai ya taso daga kusa da iyakar Sikotland, ya miƙo kudu har tsakiyar ƙasar, kamar wata babbar kunya a tsakiyar gona. Sunansu tuddan Pennine. A ƙarshensu na kudu akwai yankin da a ke kira Peak District, wanda galibinsa ke cikin lardin Derbyshire, Kinder Scout kuwa shi ne wuri mafi tsawo a yankin duka. Tsayinsa daga bakin teku ƙafa 2,088 ne, watau mita 636.

Kada wannan lissafi ya ruɗe mu. Garin Jos kansa yana wajen ƙafa 4,000 daga bakin teku, watau mutumin da ke zaune a kasuwar Jos ya kusa ninka wanda ya hau ƙololuwar Kinder Scout tsayi. Ashe ba tsayi ne ya ba tudun nan suna ba. Abin da za mu lura da shi shi ne maƙwabtansa. Daga yamma, a ɗan karkata arewa, ga birnin Manchesta, wanda ya yi suna da masaƙun auduga. Daga gabas ga birnin Shefild, garin maƙera ƙarfe da wuƙaƙe. Ko wanne daga cikinsu bai kai mil 20 daga tudun ba. Ga daji fetal babu gida ko ɗaya a bisansa, ga kuma birane biyu cike da jama'a da hayaƙi sun sa shi tsakiya. Mu riƙe wannan, gama shi ne tushen labarin duka.

SIFFARSA DA IRIN DUTSENSA

Kinder Scout ba shi da tsini. Kamanninsa kamar faranti ne da aka kife: bisansa shimfiɗaɗɗe, gefunansa kuwa gangare ne mai tsanani, a wasu wurare ma dutse ne tsaye kamar garu. Har ya kan yi wuya baƙo ya gane ainihin wurin da ya fi tsawo, don ko'ina ya duba sai ya ga kamar ɗaya ne.

Masana duwatsu sun ce wajen shekara miliyan 320 da suka wuce wani babban kogi ya riƙa kwaso yashi da tsakuwa yana zubarwa a bakin teku a wurin nan. Da zamani ya yi tsawo, sai yashin ya danƙare ya zama dutse mai kaushi da tauri. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani dutse mai taushi wanda asalinsa laka ne. Ruwa ya kan cinye mai taushin da sauri, mai taurin ya tsaya, shi ya sa gefen tudun ya zama garu. A bakin garun nan iska da ruwa da ƙanƙara sun sassaƙe duwatsu iri-iri, wani kamar tulu, wani kamar buhunan da aka jera. Daga irin wannan dutse mai kaushi ne mutanen yankin suka daɗe suna sassaƙa duwatsun niƙa, har yau hoton dutsen niƙa shi ne tambarin yankin.

RUWA DA BAƘAR ƘASA

Iskar da ta fi busowa a Ingila daga yamma ta ke zuwa, daga Tekun Atlantika, ɗauke da danshi. In ta iso tuddai tilas ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi kuwa sai danshin ya zama gajimare ya zubo. Don haka bisan Kinder Scout ya kan sami ruwa wajen inci 60 a shekara, kuma babu rani babu damina, ko wane wata ana iya yin ruwa. Da hunturu dusar ƙanƙara ta kan rufe shi.

To, tun da bisan shimfiɗaɗɗe ne, ruwa ba ya saurin gangarewa, sai ya kwanta. Abin da ke tsirowa a irin wannan wuri shi ne gansakuka da wasu ciyayi masu son ruwa. In sun mutu ba su kan ruɓe sarai ba, sabo da sanyi da yawan ruwa da rashin iska a ƙarƙashi. Sai su yi ta taruwa, sabo bisa tsoho, har su zama wata baƙar ƙasa mai laushi da ke shan ruwa kamar soso. Taruwarta a hankali ƙwarai ta ke, wajen inci ɗaya cikin shekara 25. In mun lissafa, zurfin ƙafa shida ya ci shekara 1,800 ke nan, a wasu wurare kuwa zurfinta ya fi haka.

Ruwa ya yayyanka baƙar ƙasan nan, ya yi kwazazzabai masu karkace-karkace, waɗansu sun fi tsayin mutum zurfi. Wanda ya shiga ciki ba ya ganin gabas ba ya ganin yamma. In kuma hazo ya sauko, abin da ya kan faru ba sallama, to, sai mai taswira da kamfas kaɗai ke iya fita. Mutane sun sha ɓacewa a can, waɗansu har sun halaka.

Tudun nan kuma mararrabar ruwa ne, watau ruwan da ya zuba a kansa teku biyu ya ke zuwa. Ta yamma rafin Kinder ya kan faɗo daga bakin garu, faɗowar kusan ƙafa 100, a wurin da a ke kira Kinder Downfall. In iskar yamma ta yi ƙarfi sai ta ture ruwan ta mai da shi sama, daga nesa a hango shi kamar hayaƙi. Daga nan rafin ya shiga wani tafkin da aka datse kusa da ƙauyen Hayfield don ruwan sha, ya wuce, ya bi ta kogin Mersey ya faɗa teku a Libaful. Ta kudu da ta arewa kuwa rafukan Noe da Ashop su kan shiga kogin Derwent, shi kuma ya shiga Trent, har ruwan ya kai Tekun Arewa, can gabas. Ɗigo biyu su faɗo kusa da juna a bisa, ɗaya ya tafi yamma, ɗaya gabas, ba su ƙara gamuwa ba.

WANE NE MAI TUDUN?

Ƙasa mai tsami da sanyi haka ba ta yin hatsi. Abu biyu kaɗai ta ke ciyarwa da ke kawo kuɗi: tumaki, da wata tsuntsuwa mai kama da fakara, wadda ke cin tohon wani gajeren tsiro na tudu. A zamanin da, bisan tudun makiyaya ce ta jama'a. Amma a farkon rabin ƙarni na 19 aka yi dokar da ta raba shi ga masu filaye, ya zama mallakar mutane ƙalilan. Su kuwa abin da suka fi so da shi shi ne harbin fakarar nan. A dokar Ingila a kan buɗe harbinta ran 12 ga Agusta, a rufe ran 10 ga Disamba, amma ainihin kwanakin da a ke fita harbi a wuri guda kaɗan ne. Duk da haka a kan rufe tudun shekara duka. Masu filaye suka ɗauki 'yan gadi masu kulake, aikinsu su kori duk wanda ya hau, wai kada ya firgita tsuntsaye a sheƙa.

Mu koma biranen nan biyu. Ma'aikaci ya yi kwana biyar da rabi ko shida cikin ƙarar injin da ƙurar auduga, ya kwana a ƙuntataccen ɗaki, ba shi da sarari sai Lahadi. Jirgin ƙasa yana kai shi Hayfield ko Edale da ɗan kuɗi kaɗan. Ya sauka, ya ɗaga kai, ga tudu, ga iska mai kyau, amma ba shi da ikon hawa sai ya bi 'yan hanyoyin da ke gefe, waɗanda su kan cika maƙil da mutane. Da aka shiga shekarun 1930 kasuwa ta faɗi, dubban samari suka rasa aiki, yawon ƙafa kuwa shi ne nishaɗin da ba ya cin kuɗi, sai masu yinsa suka ƙara yawa.

Wajibi ne mu bambanta abu biyu a nan. A dokar Ingila akwai hanyar jama'a, wadda ta ratsa filin wani amma kowa na da ikon bi, kamar yadda burtali ke ratsa gonaki. Akwai kuma ikon barin hanya a yi yawo ko'ina a fili. Na farkon tsohon abu ne, an kuwa daɗe ana kāre shi. Wata ƙungiyar masu kula da hanyoyin ƙafa da aka kafa a 1894 ta yi ta fama da masu filaye har aka buɗe hanyar da a ke kira Snake Path a 1897, wadda ta tashi daga Hayfield ta bi ta gefen tudun. Na biyun ne babu. Tun a 1884 wani ɗan majalisa mai suna James Bryce ya kawo shawarar dokar da za ta buɗe tuddan Sikotland ga masu yawo, ba ta wuce ba. Aka yi ta maimaita irinta shekara da shekaru, ana kayar da ita.

RANAR 24 GA AFRIL 1932

A farkon 1932 'yan gadi suka kori waɗansu samari 'yan wata ƙungiyar wasanni ta ma'aikata daga Bleaklow, wani tudu da ke maƙwabtaka da Kinder ta arewa. Samarin suka yi shawara, suka ga an iya korarsu ne don ba su da yawa. Sai suka sanar a fili cewa za su hau Kinder Scout da taro. Babbansu wani makaniki ne ɗan Manchesta mai suna Benny Rothman, shekararsa 20.

Ran Lahadi 24 ga Afril mutum wajen 400 suka taru a wata tsohuwar mahaƙar dutse kusa da Hayfield. Rothman ya hau kan dutse ya yi musu jawabi. Sa'an nan suka bi wani kwari mai suna William Clough, suka bar hanyar jama'a, suka nufi gangaren tudun. 'Yan gadi suka tare su, aka yi 'yar kokawa, ɗaya daga cikin 'yan gadin ya ji rauni. Taron ya wuce, ya gamu da wata ƙungiya da ta fito daga wajen Shefild, aka gaisa, aka juyo. Da suka komo Hayfield 'yan sanda na jira. Aka kama mutum shida.

A watan Yuli aka yi musu shari'a a birnin Derby. Abin lura shi ne, shiga filin wani kaɗai ba laifin ɗauri ba ne a dokar Ingila, sai dai mai fili ya kai ƙara ya nemi diyya. Don haka da laifin tada tarzoma da duka aka tuhume su. Aka saki ɗaya, aka ɗaure biyar, daga wata biyu zuwa wata shida. Rothman ya sami wata huɗu.

Gaskiya ita ce, ba dukan masu yawon ƙafa ne suka yarda da abin da samarin suka yi ba. Manyan ƙungiyoyinsu sun ƙi shi tun farko, suna tsoron ya ɓata lallashin da suka daɗe suna yi. Amma kamun da tsananin hukuncin sun sa jama'a da yawa sun tausaya musu. A wannan shekara aka yi taron neman buɗe tuddai a wani kwari mai suna Winnats Pass, mutum wajen 10,000 suka hallara. Har yau masana tarihi suna gardama a kan wanda ya fi tasiri, hawan samarin ko haƙurin dattawan. A ganinmu, dattawan ne suka yi ta rubuta takardu suna zama da hukuma, samarin ne kuma suka sa ƙasa duka ta ji maganar, da wuya kuwa a ce ɗaya zai isa ba tare da ɗaya ba.

YADDA DOKA TA SAKE

Abin bai zo da sauri ba. A 1935 ƙungiyoyin masu yawon ƙafa suka haɗu suka zama ɗaya ta ƙasa duka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1949, Majalisa ta yi dokar kafa gandayen shaƙatawa na ƙasa, a 1951 kuwa Peak District ya zama na farkonsu, faɗinsa mil 555 murabba'i. Dokar ta ba hukumar gandun ikon yin yarjejeniya da masu filaye don a bar mutane su hau, a cikin shekarun 1950 aka fara yin haka a Kinder. Ran 24 ga Afril 1965, shekara 33 cif bayan hawan samarin, aka buɗe doguwar hanyar ƙafa ta Pennine Way, wadda ta tashi daga Edale a gindin Kinder ta yi mil 268 har cikin Sikotland. A 1982 ƙungiyar National Trust, mai riƙon wurare amana don jama'a, ta sayi galibin tudun.

Cikakken haƙƙi bai samu ba sai a 2000, sa'ad da aka yi dokar da ta ba kowa ikon yawo da ƙafa a tuddai da dazuzzukan da ba a nomawa da makiyayun jama'a a Ingila da Wales. Aka zana su a taswira, aka buɗe su yanki-yanki a 2004 da 2005. Daga hawan samarin zuwa wannan doka shekara 68 ke nan. Rothman ya rayu har ya ga an yi ta, ya rasu a farkon 2002. A taron cikar shekara 70 da aka yi a mahaƙar dutsen nan cikin wannan shekara, Duke na Devonshire na lokacin ya tashi gaban jama'a ya nemi gafara a kan abin da aka yi a zamanin kakansa.

Haƙƙin nan yana da iyaka. Na ƙafa ne kaɗai, ban da keke da doki da mota, ban da kafa tanti da hura wuta. Daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, lokacin da tsuntsaye ke ƙwai a ƙasa, dole a riƙe kare da gajeriyar igiya. Mai fili kuma na da ikon rufe wurinsa har kwana 28 a shekara. Filayen da dokar ta buɗe kuwa wajen kashi 8 cikin 100 ne na ƙasar Ingila, sabo da haka har yanzu akwai masu neman ƙari, suna kafa hujja da Sikotland, inda dokar 2003 ta buɗe galibin ƙasa da ruwa.

NAUYIN DA YA BIYO BAYA

An sami ikon hawa, sai kuma aka ga tudun kansa ba shi da lafiya. Hayaƙin kwal na masaƙun da ke kewaye ya yi shekara fiye da ɗari yana komowa cikin ruwan sama da tsami, ya kashe gansakuka. Tumaki masu yawa suka cinye abin da ya saura, gobara ta ƙone wasu wurare. Baƙar ƙasa ta zauna tsirara, ruwa da iska suna kwashewa. Ƙafafun masu yawo kuma suka ƙara. In mutum ya iske taɓo a hanya sai ya ratse gefe, na bayansa ya ƙara ratsewa, har 'yar hanya ta zama fili. Abin da ya taru cikin ƙarnuka ya riƙa tafiya cikin 'yan shekaru.

Don haka aka karkatar da Pennine Way daga tsakiyar tudun, aka mai da ita ta wata matakalar dutse da a ke kira Jacob's Ladder, ta bi bakin garu. A wuraren taɓo aka shimfiɗa falalen duwatsu, waɗansunsu ma daga daɓen tsofaffin masaƙu aka ciro su. Tun daga 2003 hukumomi da kamfanonin ruwa da masu filaye suka haɗa kai don gyaran tuddan yankin. Jirage masu saukar ungulu suka riƙa watsa farar ƙasa da taki da irin ciyawa, aka datse kwazazzabai da dubban ƙananan shingaye don ruwa ya tsaya, aka kewaye bisan Kinder da waya don a hana tumaki na wani lokaci, aka kuma sake dasa gansakuka da hannu. A 2009 aka ayyana tudun wurin kiyaye halittu na ƙasa. Amfanin gyaran ba na tudun kaɗai ba ne: in soson nan ya riƙe ruwa, ambaliya ta kan ragu a ƙauyukan gindi, ruwan tafki kuma ya fi tsabta.

YADDA ZA MU KOYAR

Ga shawararmu ga 'yan'uwanmu masu shirin fita koyarwa. Kada mu fara da allo. Mu fita da yara waje, su kwaɓa yumɓu su gina tudu mai shimfiɗaɗɗen bisa, su ɗora tsumma mai kauri a kansa a madadin baƙar ƙasa. A ajiye dutse ɗaya yamma, ɗaya gabas, su ne biranen nan biyu. A zuba ruwa da buta, su ga yadda ya ke rabuwa biyu, da yadda tsumman ke riƙe shi. Sa'an nan a cire tsumman a sake zubawa, su ga bambanci da idonsu, gama gani ya kori ji.

Bayan haka sai a yi musu tambayoyi uku. Me ya sa ba a noma a bisan Kinder Scout? Da a ce tudun yana nesa da birane, da an yi jayayyar nan kuwa? In mutum ya sami ikon shiga wurin da ba nasa ba, wane nauyi ne ya hau kansa? Yaron da ya amsa waɗannan da bakinsa ya fahimci darasin, ko da ya manta da ƙafa 2,088.